Talatin da Huɗu, In Ji Bindigar Garaj

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bin wannan shafi. Adawiyya ce daga Madawa, mai rubuta muku da yatsa ɗaya. Aji uku na yi a lakol aka cire ni, don haka in kun ga harafi ya karkace, ku miƙe shi a zuci ku wuce.

Ranar Alhamis labarin ya iske ni, wajen azahar, ina durƙushe gaban murhu ina tuƙa tuwon hatsi, Ni'ima na goye a bayana. Lokacin kwasar albasa ne, gari kamar cikin tanda. Na ji moto, wato babur, ya tsaya a ƙofar gida, amma ba kukan moton maigidana ba ne. Nasa sai ya yi tari sau biyu kafin ya yi shiru. Sai ga sallamar Habibullahi, abokin aikinsa a garaj. Ya yi sallama sau uku, na amsa sau uku, ya ƙi shigowa. Na yafa zane na leƙa zaure. Yana tsaye, jakar kayan aikin maigidana na rataye a kafaɗarsa.

"Malam Habibu, ina abokin naka?"

Ya dubi takalminsa. Ni ma na dubi takalmin nasa, kamar can amsar take. Tuwon ranar maƙwabciyata Furera ce ta sauke shi, bayan ya ƙone.

Mansur sunansa. Da yana raye ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, sai dai Baban Ni'ima. Yanzu ne nake iya rubuta shi.

Ran Talatar makon ya tashi da ciwon kai, yana dafe ƙeya. Aka kira shi a waya tun kafin gari ya waye sosai, wai wani kamyon albasa ya tsaya a hanyar Keita, radiyato na tafasa. A cikin jakarsa akwai wani ma'aunin zafi mai ruwan ɗorawa da ya sayo a Konni. Siffar ƙaramar bindiga gare shi: ka nuna abu daga nesa, ka matsa, jan ɗigo ya sauka a kai, lamba ta fito a baya. Da shi suke gane injin da ya ɗauki zafi ko birkin da ya kama. Mu dai bindiga muke ce masa. Lokacin korona da muka ga ana auna goshin mutane da irinta, Mansur ya ce, "Ai mu muna da tamu, ta yi gida ta yi garaj." Tun daga nan matan unguwa suke kawo mini 'ya'yansu in harbe su.

Da safen nan ya taso daga alwala, ruwan randa na ɗiga a fuskarsa, na tare shi da bindiga.

"Tsaya in harbe ka."

"Harbe ni, lokotoro."

"Talatin da huɗu."

"Kin gani? Injin sanyi ƙalau. Sai ya wuce talatin da bakwai ake jin tsoro."

Ya yi salla, ya sha kunu kaɗan, ya ja kuncin Ni'ima, suka tafi shi da Habibullahi. Ashe sanƙarau ne. Laraba ya faɗi a bakin hanya, aka kai shi likita a Keita. Alhamis da safe ya cika, can aka rufe shi.

Shekara biyu ke nan da wata huɗu. Kada ku ce yau ma kuka na kawo muku. Akwai dariya a gaba, yawancinta kuma ni ake yi wa.

Innata, Mairamu, ta zo daga Bangi don ta taya ni zaman takaba, ta ce mako biyu za ta yi. Har yau tana nan, da butarta, da kabar saƙarta, da akuya guda da ta aika aka kawo mata. Makon da nake ba ku labari, ran Lahadi, ta ajiye tabarmar da take saƙa ta dube ni.

"Ada, ni na gaji da ruwan pampo. Damina ta uku ke nan wasu na nome mini gona. Ran Juma'a ina komawa Bangi. Ko ki ba yaron ga amsa in san hannun da na bar ki, ko ki ɗaure kayanki mu tahi tare. Ba ni barin ɗiyata ita kaɗai cikin gari."

"Inna, yaro? Mutum da hurhura ga gemu?"

"Gare ni yaro na. Juma'a na ce."

Yaron nan dai Habibullahi ne. Shi ya riƙe garaj tun bayan rasuwar, kuma bai taɓa barin tukunyarmu ta wuni a kife ba. Matarsa ta rabu da shi tun da daɗewa, wai warin gazuwal, man manyan motoci, ya ishe ta. Wata bakwai da suka wuce ya tura baffansa wurin kawuna. Na ce zan yi tunani. Ina nan ina ta tunanin.

Ba muni gare shi ba, kada ku zarge ni da tsirfa. Dogo ne, baƙi, ga wushirya. Aibinsa ɗaya ne: "ba komi". In ka ce masa ya gajiya, ba komi. In guduma ta faɗo masa a yatsa, ba komi. Na tambaye shi ya fi sau goma, me Mansur ya ce kafin ya cika? Sai ya sunkuyar da kai. "Ba komi, Maman Ni'ima, kwananshi na ya ƙare." Mutum ya kwana yana jinya a hannunka, ka ce bai ce komai ba? Ni kuwa ba zan iya zama ɗaki ɗaya da wanda ban san cikinsa ba.

Ga saƙonsa na kowace safiya, ban rage ko harafi ba: "Ina kwana. Ya Ni'ima." Ni in cika masa vokal, saƙon murya, na minti uku, labarin akuya, labarin ruwan da ya zubo ta rufin madafa, shi kuma ya aiko mini da babban yatsa guda.

Abu ɗaya ne ba ya fashi. Bindigar Mansur a wurina take, don na ƙi rabuwa da ita. Kusan kullum da safe sai ya zo aronta, ya maido bayan magariba. Inna ta ce, "Garaj guda ya kasa sayen tashi? Ba bindiga yake zuwa gani ba." Ni dai sai na fara sa ɗankwali mai kyau kafin in miƙa.

Ran Litinin ya tafi Buza gyaran wata mota, bai zo aro ba. Ranar ce Ni'ima ta ƙi koko, ta kwanta a tabarma ta yi lamo. Yarinyar da ke hawa akuya kamar jaki. Inna ta taɓa wuyanta ta ce, "Ɗiyar ga wuta take." Ta tsoma tsumma a randa ta shimfiɗa mata a goshi. Ni kuma na ɗauko bindiga, na ɗage tsumman, na harba.

"Talatin da huɗu da rabi. Inna, lahiya lau take. Ƙila rigima ta."

"Wa ya ce?"

"Bindiga."

"Bindigar ta taɓa haihuwa? Ni bakwai na haiha. Ba ni zane."

Kafin in buɗe baki ta goya ta, ta fita. Na bi ta a guje, takalmi ƙafa ɗaya nawa, ƙafa ɗaya nata.

A likita muka sami Hawa, infirmiyar da ta karɓi haihuwar Ni'ima. Ta share goshin yarinyar, ta bar ta ta ɗan zauna, sannan ta ɗauko wata farar 'yar bindiga ta kai kusa da goshin. Talatin da tara da huɗu. Ta huda yatsa ta gwada jini, ta ce masassarar sauro ce. "Gara da kunka zo yau. Da kun ƙara kwana, da magana ta canza."

Duk hanyar dawowa Inna na gaba da Ni'ima a goye, ina biye. Sai da muka kai ƙofar gida ta waiwayo. "Ki gaishe mini da bindiga."

Ni abin da raina ya ba ni, bindigar tsufa ta yi. Shekara nawa tana yawo cikin baƙin mai? Na yi wa Habibullahi vokal: "Malam Habibu, bindigar ga ta lalace, ta kusa ja mana. Ran Laraba ka raka ni butik ɗin Tasi'u mu zaɓo sabuwa mai hwaɗin gaskiya, wadda za ta yi gida ta yi garaj."

Ya saurara. Waya ta nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Har na gama wanke kwanoni yana rubutu. Daga ƙarshe abin da ya shigo: "To."

Laraba Ni'ima ta samu sauƙi har tana neman akuya. Na bar ta wurin Furera. Na ɗaura atamfata kore mai zanen ganye, na yafa mayafin nan mai 'yan duwatsu masu ƙyalli, na sa kwalli. Kwallin saboda rana na sa, ku yarda ko kada ku yarda. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Butik za ki ko gidan buki?"

"Sai kin zo, Inna?"

"Awo. Ina son in ga wadda za ta maye gurbin maƙaryaciyar."

Tasi'u yana sayar da fitilun sola, rediyo, caja da dutsen guga, kuma bakinsa ya fi duk rediyon da ke butik ɗin ƙara. Ya jera mana guda uku a kan tebur: wata ƙaramar fara, wata ja da baƙi, da wata babba mai ruwan lemo.

"Hajiya, wagga ja daga Dubai take. Tana auna mutum, tana auna mota, tana auna tuwo, har zuciyar bazawara tana aunawa."

"Tasi'u, ka kiyaye ni."

"A gwada ga Inna a gani!"

Inna ta taho cikin rana ke nan, gumi na tsattsafo mata. Ya harbe ta da ta farko, talatin da takwas. Ta biyu, talatin da biyar. Ta uku, da ya tsaya daga nesa, arba'in da ɗaya.

Inna ta ce, "Wato ni guda ina masassara, ina lahiya, kuma na kusa cikawa?"

Daidai nan Habibullahi ya iso, cikin kaftani shuɗi mai karin guga. Ya wanke hannu har ya yi fari-fari, amma farcen nan ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaishe ni yana kallon fitilun sola.

"Tasi'u, ba ga goshin Inna ake gwaji ba. Ga abin da anka san amsarshi ake gwadawa."

Ya shiga gidan da ke kusa, inda wata mata ke sayar da ƙanƙara, ya fito da ƙulli guda. Ya farfasa a kofi, ya ɗan zuba ruwa, ya juya da cokali, ya jira.

"Ruwan ƙanƙara lambarshi sihiri ta, ƙasa da ɗaya, nan da Makka duka. Wadda ta ce sihiri ko ɗaya, ta yi gaskiya."

Ja da baƙin nan ta Dubai ta ce bakwai.

Tasi'u ya ce, "Ƙanƙarar ta ba ta da kyau."

Mai ruwan lemo ta ce ɗaya. Farar kuwa ta ƙi ba da lamba, sai wasu haruffa biyu. Na ce, "Wagga tun ga kwali ta mutu."

"A'a, lahiyarta lau. Don jikin mutum kaɗai anka yi ta. Abin da ya hi mutum sanyi ko ya hi shi zahi, ba ta san shi ba. Kamar wanzami take, ba a kai mishi taya."

Daga nan ya ja mu tsallaken hanya wurin Abdurrazak mai shayi, wanda butarsa ke tafasa tana ƙyalli kamar madubi. Ya nuna ta da mai ruwan lemo. Arba'in da shida. Ruwa na ɓulɓula a gabanmu, abu na cewa arba'in da shida! Tasi'u ya fara sosa ƙeya. Habibullahi ya zaro baƙin sikoc daga aljihu, irin wanda suke naɗe waya da shi, ya yanki kaɗan ya manna a jikin butar. Ya jira ya ɗauki zafi, ya harbi sikoc ɗin. Casa'in da bakwai.

"Ba laihinta ba na. Duk abu mai ƙyalli ruɗinta yake, sai ta riƙa ganin abin da ke kewaye maimakon shi. Shi ya sa in za mu auna sabon radiyato sai mun manna wanga."

Inna ta dubi mayafina. "Kin ji ko, Ada? Mai ƙyalli."

Abdurrazak ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya zube masa.

Habibullahi bai ma ji ba, ya yi nisa. Ya nuna mini wata lamba a gefen bindigar, sha biyu da ɗaya. Wai in ka tsaya taki goma sha biyu daga abu, faɗin taki guda take haɗawa ta auna, har da bango da ƙasa. Shi ya sa Inna ta kai arba'in da ɗaya, don an haɗa ta da kwanon rufi. Jan ɗigon kuma ba shi ke awo ba, nuni kawai yake, kuma kada a kuskura ya shiga idon yaro. Ya ce akwai masu maɓallin da ake juyawa daga mutum zuwa ƙarfe, amma shi bai yarda da su ba sai ya gwada. Shawararsa, ta gida daban, ta garaj daban.

'Yan uwa, na tsaya ina kallonsa. Shekara nawa na san mutumin nan ban taɓa jin ya jera magana goma ba. Ashe bakin yana nan, radiyato yake jira.

Sai na tuna da tawa a jaka. Na zaro ta ina dariya. "Bari mu ga ƙaryar da tsohuwa za ta yi yau."

"Maman Ni'ima, bar ta kawai…"

Na riga na matsa. Sikoc ɗin butar, casa'in da bakwai. Na tsallaka na nuna kofin ƙanƙara. Sifiri. Na sake. Sifiri.

Na juyo a hankali. "Malam Habibu, ai ba ta lalace ba."

Tasi'u ya yi caraf. "Ta lalace mana! Haka suke in sun tsuhwa, yau gaskiya gobe ƙarya. Ko ba haka ba, Habibu?"

Ga ƙofa Tasi'u ya buɗe masa. "Awo" ɗaya, wato e kawai, ya ishe shi ya fita. Wallahi ina kallon maƙogwaronsa, na ga "ba komi" na hawowa. Ya haɗiye shi.

"Ba ta lalace ba. Ba ta taɓa lalacewa ba. Ita bayan abu kawai take aunawa, ƙarhe ko hwata duk ɗaya gare ta. Hwatar mutum kuwa ta hi cikinshi sanyi. In kuma goshin da ruwa, ya zama kamar randa, iska na bugu yana ƙara sanyi, ko ciki na tahwasa."

"Inna ta sa ma Ni'ima tsumma mai ruwa," na ce.

"Shi ya sa."

Na ji kasuwar ta yi nisa da ni. Muryar da ta fito daga bakina ban san ta ba.

"Mutum kuma in ya taso daga alwala?"

Bai ɗago ba. "Haka."

"Ran Talatar nan ma?"

"Ran nan ma."

Inna ce ta kama hannuna ta zaunar da ni a bencin mai shayi. Tasi'u ya koma butik yana gyara abin da bai ɓaci ba. Habibullahi ya tsuguna can gefe, kaftanin gugar nan na shan ƙasa, ya faɗi abin da na shekara biyu ina roƙo.

"Da munka yi alwalar azahar bakin hanya, ya miƙo mini ita ya ce, harbe ni, kaina na tsagewa. Na harba, talatin da biyar. Ni na ce mishi tashi mu ɗaura radiyato. Makanikai biyu, masu aiki da abin kullum, munka yarda. Can likita da anka auna shi, ya wuce arba'in. Ya tambayi mai awon ya anka yi haka, ta yi mishi bayani. Wuyanshi ya ƙage, amma sai da ya yi dariya. Ya ce, Habibu, ashe 'ya'yan unguwa muke ta harbi da bindigar radiyato. Sannan ya kama hannuna ya ce, kada ka gaya ma Adawiyya, za ta ce ita ta sallame ni. Na ɗaukar mishi alkawari."

"Ka bar ta ɗakina shekara biyu, ga ƙaramar ɗiya?"

"Shi ya sa nake zuwa aro, don ta wuni garaj. Na yi niyyar in ce ta ɓace, sai in ga yadda kike share ta da bakin zane. Ran Litinin ban zo ba."

Inna ta saki baki. "Au! Ashe da gaske bindigar kake zuwa ɗauka?"

"Da ita, Inna… da gaisuwa."

A wani lokacin da na yi dariya. Ranar ban yi ba.

"Alkawarinka ya kusa ci mini ɗiya, Malam Habibu."

"Na sani. Shi ya sa na karya shi yau. In kin ƙi ni don wanga, ba ki zalunce ni ba."

"Da na ce mishi arba'in, da ya zamna gida?"

Na san amsar da nake so, shi ma ya sani. Ya ɗago ya dube ni.

"Ban sani ba. Na san halinshi, ƙila da ya tahi duk da haka. Amma ban sani ba, kuma ba ni ƙara hwaɗa miki abu don daɗin kunne."

Na tashi na tafi gida, ban sayi komai ba.

Na yi kukan da ban yi ba tun takaba. Inna ta bar ni na yi, sai da na gaji ta ajiye mini fura. "Ada, da sani kinka yi? Ke da likitanci, ina kunka gamu? Sha."

Alhamis da safe na ɗauri mayafi na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, duk inda na taɓa harbin yaro, na gaya musu kada su sake yarda da lambar da na ba su. Wasu suka yi salati. Furera ta ce, "Shi ya sa! Ni dai na ga Bilal ɗina kullum lambarshi ɗaya da ta tulu." Daga nan na wuce wurin Hawa, ta rubuta mini irin farar da zan nema a farmasi, ta koya mini aiki da ita. A share gumi, a cire hula. In mutum daga rana ya fito, ya zauna a inuwa minti goma tukuna. A kai ta kusa da goshi, tazarar yatsa biyu ko uku, a auna sau biyu. "In kuma kin ga yaro ya yi laushi, kada ki tsaya gardama da lamba, ki kawo shi."

Saƙon Habibullahi ya shigo tun da safe kamar kullum, ban buɗe ba. Sai la'asar na tura masa kalma biyu, da yatsana, ba vokal ba: "Ya kake."

Ban ko ajiye wayar ba amsa ta shigo. "Ba lahiya. Ina jin kunyarki, kuma ina tsoron Juma'a."

Na karanta ya fi sau biyar. Duk tsawon sanina da shi, ranar ce farkon da na tambaye shi lafiyarsa ya faɗa mini.

Juma'a tun da sassafe Inna ta fara ɗaure kaya da ƙarfi, yadda duk unguwa za ta ji. Ta ɗaure akuya a bakin ƙofa, ta jera ƙulli uku, ta ajiye wani buhu babu komai a ƙofar ɗakina. Wajen ƙarfe takwas moto ya tsaya. Na fito zaure, farar bindigar da na sayo a farmasi a hannun dama, ta Mansur a hagu.

"Zamna."

Ya zauna a dakali.

"Cire hula. Ga hankici, share goshinka. Minti goma ga inuwa, haka Hawa ta ce."

Ya yi duk yadda na ce, yana kallona kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Na miƙa masa ta Mansur.

"Wagga ta koma garaj, can na gidanta. Kada ta sake kwana inda yaro yake."

"To."

"Na biyu, 'ba komi' ta ƙare tsakanina da kai. In da komi ka hwaɗi, ko zan yi kuka. Kukana na, ba naka ba."

"To."

"Na uku, ran da wagga hwara ta ce talatin da takwas, ba ka zuwa ko'ina, ko albasar ƙasar ga duka za ta ruɓe bisa hanya."

Ya ɗago ido. "Maman Ni'ima, ai mai hana mutum hita aiki… wato…"

"Wato ka turo baffanka bayan girbi. Sai na rubuta maka ga allo?"

Wushiryar nan ta fito gaba ɗaya. Na matsa kusa, na tsaya tazarar yatsa uku. Abin da ya sa nake son abin nan ke nan, ba sai an taɓa mutum ba. Na matsa maɓalli.

"Talatin da bakwai da biyu. Ka ɗan hau."

"Ba masassara ba ta."

Daga cikin gida muryar Inna ta taso, wadda ta ce ba sauraro take ba. "Wagga kam gaskiya take hwaɗi! Ni'ima, zo ki kwance akuya, ta sha ɗaurin banza. Gona ta jira har bayan buki."

Yanzu saura wata guda a yi girbi. Kowace safiya kafin ya buɗe garaj sai ya tsaya a zaure, ya cire hula, ya share goshi, ya zauna a inuwa. Kafin lokaci ya cika yakan ba ni labari ɗaya na Mansur wanda ban sani ba. Jiya na ranar da ya manta sipana cikin injin wani Alhaji ne, motar ta je Tawa ta dawo tana kiɗa. Wani labarin in yi dariya, wani in juya baya in gyara mayafi. Sannan in auna shi sau biyu, in sallame shi.

Hawa minti goma ta ce. Ni na gaya masa ashe sha biyar ne, ban ji da kyau ba. Gidan likita na kan hanyarsa ta garaj, amma har yau bai tsaya ya tambaye ta ba.